Takobin da Saje Ya Mayar

Ranar da aka naɗa mijina janar ban yi guɗa ba. Ina bakin rafi ina wankin rigunan soja, hannuwana sun yi jawur don sanyin ruwa, sai ga Kyaftin Anselme ya gangaro yana zamewa a cikin taɓo, hularsa a hannu kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

"Inna Mathurine, an ba maigida."

"An ba shi me?"

"Janar."

Rigar da nake matsewa ta suɓuce, ruwa ya tafi da ita, ko bin ta da ido ban yi ba. Na ce, "Me ya yi musu?"

Anselme bai yi dariya ba, don ya san ba wasa nake yi ba. A shekarar nan, ta biyu da kafa Jamhuriya, janar uku na gani a rundunarmu ta arewa, kuma duk hanya ɗaya suka bi. Na farko jinin sarauta ne, wannan kaɗai ya ishe shi laifi. Na biyu ya ja da baya da mutanensa don kada igwa ta ƙarar da su, aka ce ya sayar da mu. Na uku kuwa nasara ma ya yi, amma aka ce me ya hana shi yin ta da wuri. Kowannensu baƙin keken doki mai rufi ne ya zo ya ɗauka zuwa Paris, inda aka kafa injin nan mai fille kai wanda sojoji ke kira askar ƙasa. Har abin ya zama zagi a sansani. In wani ya cinye wa wani burodi sai ka ji ya ce, "Allah ya sa a yi maka janar."

Firmin Gaudel sunan mijina, amma ni Saje nake kiransa, don a saje na aure shi. Ɗan mai gyaran takalma ne daga wani ƙauye a Normandi, ya shiga sojan sarki tun gemu bai tsiro masa ba. A zamanin sarki kuwa, komai jarumtarka, in ba a gidan sarauta aka haife ka ba, saje ne iyakarka. Nan ya tsaya shekara da shekaru yana koya wa 'ya'yan manya riƙon takobi, su kuma su tsallake shi su zama iyayen gidansa. Ni ina bin bataliya da 'yar gangar barasa rataye a kwankwaso, ina wanki, ina dafa miyar albasa. Da juyin juya hali ya zo, hafsoshi suka tsere ƙetare, sojoji suka ɗaga hannu suka zaɓe shi kyaftin. Kafin in saba da wannan ya zama kanar. Na yi alfahari ƙwarai, har na riƙa tafiya ina ɗaga hanci a gaban matan da suka taɓa raina ni. Amma kanar yana iya ɓuya a cikin taro, janar kuwa daga Paris ake hango shi.

Na same shi a tanti zaune a kan akwatin harsashi, sabuwar riga mai zaren zinariya a cinyarsa, yana kallonta kamar an ba shi riƙon jaririn wani.

"Saje, ka ce musu karatunka bai yi nisa ba."

"Na faɗa. An ce Jamhuriya ta gaji da masu karatu."

"Ka ce ƙafarka. Kowa ya san sanyin ƙashi ya gama da kai."

"An ce za a ba ni doki."

"To ka ce ba ka so mana! Ba baki gare ka ba?"

"Mathurine, wanda ya ce ba ya so, tambayarsa ake yi wa yake wa aiki." Ya kai hannu ya shafa wuyansa, ina jin bai ma san ya yi ba. "Ki kwantar da hankalinki. Wannan yaƙin kaɗai, sai mu tafi gonarki."

Gonar tuffa ce mahaifina ya bar mini, da ɗan gida mai yoyo a tsakiyarta. Tun ina da haƙora duka yake ce mini wannan yaƙin kaɗai.

Wanda ya naɗa shi sunansa Hurel, wakilin da Majalisa ta turo daga Paris ya sa ido a kan rundunar. Lauya ne a da, siriri, mai ɗamara mai launi uku da hula mai gashin tsuntsu wadda ta fi kansa girma. Maganarsa ɗaya ta fi ta janar goma, shi ke naɗawa, shi ke kiran baƙin keke. Umarnin da ya ba Saje gajere ne: a ci garin Valmerin kafin a yanke alkama. Valmerin wani ɗan gari ne mai ganuwar dutse a kan tudu, 'yan Ostiriya suka ƙwace shi tun bara, suka girke igwa suna tsare hanyar kogi.

Haka muka zauna a gindin tudun nan, in ana kiran wannan zama. Ruwan sama bai ɗauke ba. Rabin sojojin takalman katako gare su, sauran sun naɗe ƙafa da ciyawa da tsumma. Burodi ya zo yau, gobe bai zo ba. Hurel yana so a ruga ganuwa da banati a bakin bindiga ana waƙa, Saje ya ce shi ba zai zuba yaran mutane a rami don a ji daɗin labari a Paris ba. Ya sa aka kama haƙar ramuka irin na da, ana matsawa kusa da ganuwa kaɗan-kaɗan kamar gara. Kowace safiya Hurel ya zo ya tsaya a bakin rami, ya dubi ganuwa, ya dubi gonakin alkama, sannan ya dubi Saje. Ni ma alkamar nake dubawa. Ban taɓa ƙin ganin amfanin gona ya yi kyau ba sai a shekarar nan. In na ɗora tukunya sai in manta na sa gishiri in ƙara. In na ji ƙarar ƙafar keke a hanyar kudu sai in bar abin da nake yi in haye tudu in leƙa, in ga ashe keken kabeji ne.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne yadda Saje ya fara maganar kwamandan da ke cikin garin. Wani tsohon manjo ne, ba wanda ya iya faɗin sunansa a cikinmu, sai muke ce masa Tsoho. Tun farkon zaman ya buɗe ƙofa ya fitar da mata da yaran garin, Faransawa 'yan'uwanmu, don kada igwarmu ta same su. Wata rana da mutanenmu suka kai hari aka kore su, ya ɗaga farar tuta ya bari muka kwashe masu rauni daga gindin ganuwa, har ya sa aka zuro musu ruwa da igiya.

"Tsohon nan soja ne," in ji Saje, yana shan miya. "Irin na da."

"Abokin gabanka ne."

"Shi ne fa. Amma soja ne."

Na san inda maganar za ta, don na ji labarin har na haddace. Yana sabon soja, a wani yaƙin sarki can ƙasar Jamus, an taɓa tsare su a wani gari har suka ci dawakansu. Da suka miƙa wuya, kwamandansu ya fita ya miƙa takobinsa ga janar ɗin da ya ci su. Janar ɗin ya karɓa, ya juya shi, ya mayar masa ta mariƙi, ya cire hula. Haka al'adar soja take a duk ƙasashen nan tun kaka da kakanni: wanda ya yi faɗa tsakani da Allah, in an ci shi, ba a raba shi da takobinsa. Saje yakan ce ranar nan ya fito ƙofar gari kansa a ƙasa kamar ɓarawo, da ya ga takobin ya koma kube sai ya ji wuyansa ya miƙe. Duk sabon sojan da ya ratsa ta hannunsa sai ya ji wannan labari, Anselme kuwa, da shi ya koya wa ɗaura takalmi da harbi, ya fi kowa shan sa.

Alkama ta fara ja lokacin da ramukanmu suka kai gindin ganuwa, igwa ta fasa kusurwar gabas. Washegari farar tuta ta hau kan hasumiya. Sansani ya ruɗe da ihu, wasu na rawa a cikin taɓo, barasar gangata ta ƙare kafin rana ta take. Ni ma na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Ya ci garin, a kan lokaci, da mutanensa a raye. Me kuma za su ce?

Da yamma sai ga Hurel a wurin murhuna. Ciwon ciki gare shi, dafaffiyar madara kaɗai ke zama masa, ni nake dafa masa. Ya karɓi kofin. A kusa ba shi da ban tsoro ko kaɗan, idanunsa sun faɗa kamar na wanda ya daɗe bai yi barci ba.

"'Yar ƙasa," ya ce, don haka aka koma kiran kowa, "gobe da safe tsohon can zai fito ya miƙa takobi."

"Na ji, ɗan ƙasa wakili."

"Na san tsofaffin sojan sarki da wasanninsu. Ki gaya wa mijinki wannan ba yaƙin sarakuna ba ne, da za su kashe talakawa da rana su ci abinci tare da yamma. Bawan sarki ne aka ci, a karɓe takobinsa kamar yadda ake karɓe wuƙa a hannun ɗan fashi." Ya kurɓi madara, ya rage murya. "Ba ni kaɗai ke da ido a sansanin nan ba. Ni ma akwai masu kallona. Abin da aka yi a gaban runduna ba zan iya cewa ban gani ba."

Ya ajiye kofin ya tafi. Har yau ban san ko tausayi ne ya kawo shi ko tsoron wuyansa ba, wataƙila duka biyun.

Ban tsaya kashe wuta ba na nufi tanti. Saje na goge takalmansa da kansa, don janar ko ba janar ba, bai yarda wani ya iya ba.

"Gobe in ya miƙo maka takobi, me za ka yi?"

Bai ɗago ba. "Na riga na hana su fita da ganga, na hana su ɗaga tuta. A matsayin fursunoni za su fito. Me kuma ake so?"

"Tambayarka na yi."

"Mathurine, mutumin nan ya shayar da yaranmu ruwa."

"Ni na shayar da kai shekara nawa? Na bi ka ƙasa nawa da ƙafa? 'Ya'ya biyu na binne a bakin hanya ina binka, ban taɓa ce maka ka biya ni ba. Yau ina roƙonka abu ɗaya. Ka karɓa, ka miƙa wa Anselme, hularka ta zauna a kanka. Shi ke nan. Tsohon ba zai mutu ba don an karɓi ƙarfe a hannunsa, kai kuwa za ka mutu."

Ya ajiye takalmin. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi wa ganuwa.

"Na ji."

"Ban ce ka ji ba. Rantse."

"Da me? Sun rufe coci-coci."

"Da gonar."

Ya yi murmushi. "Na rantse da tuffarki da ban taɓa ci ba, da rufinki mai yoyo. Zan karɓa in miƙa wa Anselme. Kin huta, uwar rigima?"

Ban huta ba, amma na yarda da shi. Saje bai taɓa yi mini ƙarya ba, kuma ranar nan ma bai yi ba.

Da safe aka jera runduna a gaban ƙofar gari, sahu biyu da hanya a tsakani. Na kutsa na sami wuri a bayan masu igwa, inda nake ganin fuskarsa. Yana tsaye a ƙasa, ya ƙi hawa doki, Anselme a damansa, Hurel a gefe a kan farin doki da gashin hularsa ya jiƙe ya kwanta. Ƙofa ta buɗe. 'Yan Ostiriya suka fito a jere, duk sun rame, suna zuba bindigogi a tsibi ɗaya. Tsoho ne ya fito ƙarshe.

Ban zaci haka yake ba. Ɗan gajeren mutum ne mai farin gashin baki, rigarsa ta yi masa yawa, hannunsa na dama a naɗe da tsumma an rataye shi a wuya. Ya tako a hankali har gaban Saje, ya tsaya, ya haɗa dugadugai. Sannan ya kai hannun hagu zai zare takobi. Takobin kuwa a hagu yake rataye, don da dama aka saba zare shi. Ya ja, ya fito rabi ya cije. Ya sake ja, kuben ya biyo shi. Ya murɗa jiki, ya dafe kuben da gwiwar hannun da ke ciwo, na ga fuskarsa ta yamutse.

Wani daga cikin sabbin 'yan sa-kai ya fashe da dariya. Wani ya ce, "A kawo wa kaka mai!" Dariya ta bi sahu.

"Shiru!"

Muryar saje ce, ba ta janar ba, wadda ke tsayar da bataliya a tsakiyar wuta. Wurin ya yi tsit. Tsoho ya samu ya zare takobin, ya kama shi ta tsini, ya miƙo mariƙin. Bai sunkuyar da kai ba, amma hawaye na bin gashin bakinsa.

Saje ya karɓa. Na ga kafaɗarsa ta fara juyawa wajen Anselme, na ga Anselme ya miƙo hannu. A raina na ce, yauwa, yauwa, ƙarasa. Sai hannuwan nan nasa, waɗanda na sani fiye da nawa, suka juya takobin a hankali, yadda suke juya burodi in zai yanka. Ya matsa gaba, ya kama kuben tsohon da kansa, ya zura takobin ciki har ya ce ƙas. Ya ja da baya taku ɗaya ya cire hula.

Ba wanda ya ba da umarni, amma tsofaffin sojoji duk suka ƙame suka ɗaga bindiga gaisuwa, na ji ƙarar ta bi sahu. Hurel ya rufe ido. Da ya buɗe bai dubi Saje ba, sai ya waiwaya yana duba su wa ke kallonsa. Saje kuwa yana mayar da hula ya ɗago ya neme ni a bayan igwa. Ya gan ni. Fuskarsa kamar ta yaron da ya fasa tulu.

Ban yi masa magana ba sai da rana ta yi tsaka, da ya zo ya tsuguna a bakin murhuna da rigar zinariyarsa.

"Ban san sanda na yi ba."

"Ka rantse mini."

"Na rantse. Har zuciyata na yi niyya. Na juya ma, ba ki gani ba? Hannun ne..." Ya buɗe tafukansa yana kallo. "Da ba su yi masa dariya ba."

Na ɗaga ludayi kamar in kwaɗa masa, sai na mayar da shi tukunya. Sabo turken wawa, ni kuma na auri wawan da turkensa, da idona biyu. Abin haushin ma, da ya miƙa wa Anselme takobin nan, ban san da wane ido zan riƙa kallonsa a gonar tuffa ba. Na so shi a ranar nan fiye da kullum, kuma na so in shaƙe shi.

Kwanakin da suka biyo baya na kasa zaune na kasa tsaye. Ba abin da ya faru, shi ne abin da ya fi cin rai. Hurel ya daina zuwa shan madara. Hafsoshin da ke rububin cin abinci da janar suka fara samun uzuri. Na ɗaure kayana, na kwance, na sake ɗaurewa. Aka fara yankan alkama, ina ganin manoma da laujensu sai in kau da kai. Wata safiya na ja shi bakin kogi na nuna masa ƙetare.

"Ga shi can, ko iyo za ka iya. Mutanen Tsoho sun ji abin da ka yi, hannu biyu za su karɓe ka."

"In na haye, abin da za a faɗa a kaina ya zama gaskiya."

"Ya zama gaskiya mana! Gaskiya da kai a wuya ba ta fi ƙarya da kai a kwandon askar ƙasa ba?"

"Sannan su waiwayo kan duk wanda na koya wa aiki. Anselme ne na farko." Ya tsinki wata ciyawa ya sa a baki. "Kin san ban iya gudu ba, Mathurine. Ƙafa."

Baƙin keken ya iso wata rana da hantsi. Wannan karon ban hau tudu ba, ƙarar kaɗai na ji na gane. Hurel ya sa aka buga ganga aka tara runduna a filin nan dai na gaban ƙofa. Ya karanta laifin da ƙarfi, idonsa a takarda: girmama bayin sarakuna, da nuna wa sojan Jamhuriya cewa maƙiyinsu ɗan'uwa ne. Sahu ya fara guna-guni. Jandarmomin da suka zo da keken suka gyara riƙon bindiga, a bayansu kuma wasu mutum biyu cikin baƙaƙen riguna, kallo kawai suke yi.

Hurel ya naɗe takarda. "Kyaftin Anselme. Karɓi takobin fursuna."

Da gangan aka zaɓe shi, kowa ya gane. Ana so a ga ko cutar ta kama yaron gida. Anselme ya fito, mutum mai gemu da mata da 'yan mata ƙanana a gida, yana tafiya kamar an ɗaura masa dutse a ƙafa. Ya tsaya gaban Saje ya haɗa dugadugai. Saje ya zare takobinsa, wanda sojoji suka haɗu suka saya masa ranar da suka zaɓe shi, ya kama ta tsini ya miƙa mariƙin.

Anselme ya karɓa. Ina kusa, don ba wanda ya isa ya hana ni matsowa ranar nan. Na ga hannuwansa sun fara juya takobin, a hankali, daidai yadda aka koya masa a labari. Masu baƙaƙen riguna suka miƙa wuya.

Saje ya cafke wuyan hannunsa kafin ƙarfen ya gama juyawa, ya ture shi da ƙarfi har takobin ya bugi ƙirjin Anselme.

"Jaki!" ya daka masa tsawa yadda duk filin zai ji. "Shekara nawa ina koya maka, ko riƙon takobi ba ka iya ba? Dama na san kujerata kake hange. To ga shi, ka samu, tafi ka kai wa uban gidanka!"

Sannan ƙasa-ƙasa, ta tsakanin haƙora, ni da Anselme kaɗai muka ji: "Riƙe shi gam, ɗana. Wuya ɗaya gare ka. Juya ka tafi, kada ka waiwayo."

Anselme ya juya. Ya kai takobin ya ajiye a gaban dokin Hurel, bai waiwayo ba. Masu baƙaƙen riguna suka dubi juna, ɗaya ya ɗaga kafaɗa.

Jandarmomi suka kama Saje ta gwiwar hannu. Da suka zo wucewa ta gabana ya tsaya, suka bar shi. Na yi niyyar faɗa masa abubuwa da yawa, na kwana ina shirya su, duk suka gudu. Na kai hannu na gyara masa maɓallin wuya da ya karkace. Ya sunkuyo kamar zai sumbace ni a goshi, idonsa na wannan ƙyallin da yake yi in ya ci ni a gardama.

"Kin gani, uwar rigima? Na koya."

Na bi keken da ƙafa har Paris, na isa kafin a kai shi gaban askar ƙasa, ban kuwa so in ce komai game da wannan ba. 'Yan makonni bayan nan askar ta juyo kan masu riƙe da ita, aka buɗe gidajen yari, aka ce an yi kuskure da yawa. Anselme ya rayu, ya aurar da 'ya'yansa, har shi ma ya zama janar a zamanin da janar ke mutuwa a gado.

Ni na koma gonar. Na gyara rufin. Tuffar tana yin kyau, sai dai tsami gare ta, ba lallai ma ya so ta ba. Har yanzu ban iya zama in gama kwanon miya ba, in na ji keke a hanya sai na tashi na leƙa. Wata shekara Anselme ya zo da wani dogon abu naɗe a bargo, ya ce ya daɗe yana neman sa a ma'ajiyar gwamnati. Ya tsaya a ƙofa da furfurarsa ya haɗa dugadugai, ya kwance bargon, ya juya takobin Saje a hankali ya miƙo mini mariƙin. Wannan karon ba wanda ya riƙe masa hannu.